Kujerar Baba

Faɗan da suka yi ranar da Mama ta yi tafiya ba faɗan kirki ba ne, irin na masoya ne da ake yi ana satar kallon juna. Mama, mahaifiyar mijinta, ta tafi gidan babbar 'yarta da ta haihu, za ta kwana biyu a can. Motar ba ta gama fita daga layin ba mijin nata, Auta, ya dawo falo ya zube a ƙasa ya miƙe ƙafafu, ya ce yau gida nasu ne su kaɗai. Ita kuwa tana tsaye a gaban tsohuwar kujerar da ke jikin taga, ta riƙe ƙugu.

"Kujerar nan zan gyara kafin Mama ta dawo," ta ce.

"Ke? Ke da ko ƙusa ba ki taɓa bugawa ba?"

"Ai 'yar tela ce ni. Ko ba haka ake kirana a gidan nan ba?"

Ya yi dariya har da buga ƙafa, ta ɗauki filo ta jefe shi, ta yi fushin ƙarya ta juya baya. Sai da ya taso ya rarrashe ta, yana kiranta Zuciyata kamar yadda ya saba, sannan ta yarda ta kalle shi.

'Yar Tela shi ne sunan da Mama ta sa mata tun ranar da ta shigo gidan. Ba zagi ba ne, don kuwa mahaifinta tela ne, amma ko kurma ya ji yadda ake faɗinsa ya san babu ƙauna a ciki. Mama ba ta taɓa yi mata tsawa ba. Gaisuwa ce dai a amsa a taƙaice, girki a ɗanɗana a ce ba laifi. Auta ne ya nace sai ita, uwar ta haƙura ta bar shi, ita kuma ta shigo da burin wata rana a kalle ta da fara'a ko sau ɗaya ne. Ta yi wanki, ta yi guga, ta yi tausar ƙafa, duk a banza.

Kujerar ta marigayi Baba ce, mahaifin Auta, irin mai zaman mutum ɗaya. Yadinta ya koɗe har ba a gane asalin launinsa, mazaunin ya lotsa, hannun dama ya yi baƙi yana sheƙi. Kullum Mama na lulluɓe ta da zani mai tsabta, ba ta yayewa sai da yamma in za ta zauna. 'Yar Tela ta daɗe tana kallon wannan zani, ta kuma yanke wa kanta hukunci cewa kunya ce, Mama ba ta son baƙi su ga tsufan kujerar.

Da ta gaya wa Auta haka, sai ya ce wallahi ta fi shi lura. Ya ce ta yi kawai, Mama za ta ji daɗi, shi ma zai taya ta. Shi da aka haifa a gidan, ya girma yana wasa a gindin kujerar nan, bai taɓa tambayar uwarsa dalilin zanin ba.

Ta kwana tana kallon masu gyaran kujeru a waya, a can komai cikin sauƙi ake yi ana murmushi. Washegari suka shiga kasuwa tare suka sayo yadi ruwan toka mai kauri, da soso, da gam, da ƙananan ƙusoshi. Suka fito da kujerar tsakar gida suka kifa ta. Nan ta gane masu wayar ba sa nuna rabin wahalar. Tsofaffin ƙusoshin sun yi tsatsa sun kama katako, ta sa sukudireba ta yi ta fama har tafin hannunta ya yi kanta, ƙura mai warin daɗewa na shiga mata hanci.

Auta ne ya karɓi filaya ya ce ta matsa ta ga aikin maza. Shi ya zare ƙusoshin hannun daman, shi ya fizge baƙin yadin ya yi jifa da shi yana toshe hanci yana tsokanarta. Ta ce ya bi a hankali, da tsohon yadin ake auna sabon. Ta shimfiɗa ɓangarorin tsohon a kan sabon yadi ta zagaye su da alli, ta yanka, ta ɗinka a keken da mahaifinta ya ba ta. Da ta gama da su, Auta ya tattara tsohon yadin da ruɓaɓɓen soson ya cusa a buhu, ya kai wa mai kwasar shara da hannunsa.

Ba za ta manta da kwanakin nan ba, kuma shi ne abin haushin. Ba su taɓa jin daɗin aurensu kamar lokacin ba. In ya dawo daga shagon maganin da yake aiki, ko riga ba ya canzawa zai durƙusa ya ja mata yadi tana buga ƙusa. Ta buge yatsarta da guduma ya kama yana hurawa yana yi mata waƙar banza. Kusurwar baya ta tattare, suka warware suka sake, ta sake tattarewa, suka ce ai bango za ta kalla. Da suka mayar da ita jikin taga, tsaf da ita kamar daga shago, ya rungume ta ya ce duk duniya babu mai mata irin tasa.

Ranar da Mama ta dawo, 'Yar Tela ta yi kwalliya ta tsaya bakin ƙofar falo. Mama ta shigo tana amsa sannu da zuwa, idonta ya sauka a jikin taga, sai maganar ta tsaya mata a baki. Ta ajiye jakarta a ƙasa. Ta taka a hankali ta ɗora tafinta a kan hannun daman kujerar, ta shafa, ta sake shafawa kamar mai neman abin da ya faɗi cikin duhu.

"Ina yadin?" ta ce, ba ta juyo ba.

'Yar Tela ta durƙusa ta fara bayani cewa ta ga ya tsufa ne har ana rufe shi.

"Rufe shi nake kada ƙura ta taɓa shi," Mama ta ce. "Wurin nan hannunsa ne. Nan yake ɗora shi tun muna da ƙuruciya, nan ya ɗora shi ranar da aka fitar da shi asibiti. In na zauna nakan sa nawa a kai... Ina yadin?"

Mama ta juyo ta dubi ɗanta.

"Auta, da saninka aka yi wannan?"

'Yar Tela ta ɗaga kai ta kalle shi. Ba ta ma ji tsoro ba a lokacin, don ta tabbata gaskiya zai faɗa. Ya sunkuyar da kai yana murza makullin babur ɗinsa.

"Ni dai, Mama... na dawo daga aiki na tarar an riga an farke."

'Yar Tela ba ta san lokacin da ta fita ba. Da kwalliyarta ta bi layi tana tambayar mai kwasar shara, aka nuna mata bolar da yake zubarwa a bayan kasuwa. Ta shiga da takalminta mai kyau tana tona buhuna, ƙudaje na binta, mutane na kallonta kamar mahaukaciya. Wani mai tsintar robobi ya ce mata ta daina wahalar da kanta, sharar makon jiya an cinna mata wuta tuni. Ta dawo gida da toka har gwiwa.

A ɗaki Auta ya tare ta da rarrashi. Ya ce ta fahimce shi, Mama na da hawan jini, in ta ji da hannunsa a ciki faɗuwa za ta yi. Ya ce ita ai baƙuwa ce a lamarin, ba ta san Baba ba, laifinta mai sauƙin yafewa ne, nasa kuwa har abada. Ya riƙe hannuwanta, masu kantar nan, yana sumbata.

"Abu ɗaya nake so, Masoyi," ta ce. "Ka je ka ce mata tare muka yi. Ba na son ka ɗauke min laifin, ka dai tsaya kusa da ni a cikinsa."

"Zan faɗa, Zuciyata. Bari ta huce. Gobe."

Goben nan ta yi ta zuwa tana wucewa. Mama ba ta sake zama a kujerar ba, tabarma take shimfiɗawa a ƙasa ta ba ta baya. 'Yar gaisuwar da ake amsawa a taƙaice ma ta koma ɗaga kai. Yayyen Auta suka riƙa bugo waya, wadda ta haihu ta ce ai dama wanda bai gaji abu ba bai san darajarsa ba, an shigo gida ana neman share ubansu daga cikinsa. Auta na zaune ana faɗa, sai ya tashi ya ce zai duba babur.

Ita ma kujerar ba ta rufa mata asiri ba. Da yake aikin ɗan koyo ne, ba ta ja yadin daidai ta kowane gefe ba, sai gaban ya fara yamutsewa, ƙusoshin ƙasa suka fara leƙowa. Kullum in ta zo shara sai ta gan ta, babu mai zama, babu mai rufewa. Tana son mijinta har lokacin, abin da ya fi ci mata rai ke nan. In ya shigo da fara'a da 'yar tsaraba a leda sai zuciyarta ta yi sanyi, in ta tuna muryarsa yana cewa ya tarar an farke sai ta ji ba ta son ko inuwarsa.

Wata safiya, kafin ya fita aiki, ta kama hannunsa ta ja shi falo. Mama na kan tabarma. 'Yar Tela ta durƙusa ta ce Auta na da magana. Ya kalle ta da idon roƙo, ta kawar da kai. Ya durƙusa shi ma, ya yi gyaran murya, ya daɗe yana kallon ƙasa.

"Mama, dama... roƙo na zo yi. Ki yafe mata. Ƙuruciya ce, ba ta sani ba."

Ta ji wani abu ya tsinke mata a ƙirji, ba tare da ƙara ba. Ta miƙe ta shiga ɗaki ta haɗa kayanta a akwati ɗaya. Ya biyo ta yana magiya yana rantsuwa, ita kuwa ta ci gaba da haɗa kayanta, don duk abin da za ta faɗa ta riga ta faɗa. Da ya ga da gaske take, sai ya fita ƙofar gida yana kiran yayarsa a waya wai ta ba ta haƙuri.

Ta fito da akwatin ta tsaya gaban Mama ta yi mata sallama, ta roƙe ta ta yafe mata abin da ta ɓata. Tsohuwar ta ɗago ta dube ta, kallo mai tsawo irin wanda ba ta taɓa yi mata ba.

"Na san da hannunsa," ta ce a hankali. "Ni na haife shi. Tun kafin ya rufe baki ranar nan na san ƙarya yake."

'Yar Tela ta ajiye akwatin a ƙasa.

"Kin sani, Mama? Kin sani kika bar ni..."

"Da wa kike so in yi fushi? Ubansa ya tafi, 'yan'uwansa suna gidajensu. Shi kaɗai ya rage min a gidan nan." Hawaye ya gangaro mata, ba ta share ba. "Ke kina da inda za ki."

'Yar Tela ta ja akwatinta ta fita, idonta ya cika har ba ta ganin hanya sosai. Auta ya tare ta a ƙofar gida ya riƙe hannun akwatin, shi ma kuka yake, kukan gaske. Ya ce in ta tafi mutuwa zai yi, ya ce ta ba shi yau kaɗai, yau da yamma zai faɗa. Ta tsaya tana kallon fuskar nan da ta bar gidan ubanta dominta, kuma Allah ya sani, da ya ja ta suka koma ciki a lokacin da ta bi shi.

Sai muryar Mama ta fito daga falo, ba da ƙarfi ba.

"Auta."

Ya waiga. Ya dube ta, ya sake waigawa. Ya ce ta jira shi, yanzun nan zai dawo, ya saki akwatin ya shige.

Ta ɗan jira, don kada wata rana ta ce ba ta jira ba. Da ta ji shiru, ta ɗauki akwatinta ta nufi bakin titi tana kuka, ta tsayar da motar farko da ta zo.