Fostar Ƙofar Gida

"Ki janye, Auta... don Allah ki janye!"

Ta dube shi, ta dubi injin da ke ta fito da fuskarta ɗaya bayan ɗaya, an rubuta a ƙasa: Ku zaɓe ta kansila. Shi ne mai madaba'ar, shi ne kuma wanda aka sa musu ranar aure.

"In janye? Kai fa ka ce in fito, masoyi. Hoton nan ma kai ka zaɓa."

"Na sani, ni na jawo." Ya zauna kan damin takardu, ya dafe kai. "Ɗoki ne ya kwashe ni, na liƙa ɗaya a ƙofar gidanmu, wai Umma ta ga surukarta ta ji daɗi."

Ai kuwa ta gani. Maƙwabta ma sun gani, kuma bakin mutane ba ya hutu. Kafin la'asar an kai wa tsohuwar labari cewa samari sun yi cirko-cirko gaban hoton suna yaba idanun matar ɗanta.

"Me ta ce?"

"Wai ba za ta haɗa zuri'a da fuskar da kowane bango ya sani ba. Wai ki zaɓa: ko takara, ko aurena."

Auta ta matso gabansa.

"Kai ka kai mu asibitin unguwa ranar da Yaya ta rasu kan naƙuda. Babu ruwa, babu ungozoma! In na koma gida wa zai yi magana? Waɗanda ba su taɓa leƙa ɗakin haihuwa ba?"

"Uwa ce, Auta... ba zan iya ɗaga mata murya ba."

"Ban ce ka ɗaga ba. Ni ma ba na son mijin da uwarsa ke kuka da shi."

Ta zare zoben alkawarin da ya ba ta, ta ajiye kan tebur. Bai ɗauka ba. Da idanu jawur ya ɗaure mata fostocin, ya kai har bakin titi.

Ranar zaɓe layin mata ya fi na maza tsawo. Auta na tsaye gefe sai ga Umma ta fito daga rumfar, babban yatsanta da tawada. Ta durƙusa ta gaishe ta.

"Tashi, 'yar nan. Ke na dangwala wa. Ni ma na binne 'ya a dalilin asibitin nan."

"To Umma... maganarmu fa?"

Tsohuwar ta kau da kai.

"Unguwa na buƙatarki. Gidana dai ba zai iya da ke ba."

Auta ta ci zaɓe. Mata suka cika ƙofar gidansu da guɗa, ita kuwa ta kulle kanta a ɗaki, ta yi kukan da ba ta taɓa yi ba tun rasuwar Yaya. Da ta gama ta wanke fuska, ta fito ta gaishe su.