Makirufon Kan Ƙaramar Ganga

"Ka ce me ka ce mata?"

Ta zare hedifon daga kunnenta ta dire kan tebur. Saurayinta mai kiɗan ganga yana tsaye a bakin ƙofa, sandunan kiɗa a aljihun baya, yana wannan murmushin da ya saba kashe mata jiki.

Yau kam bai yi aiki ba.

"Haba gimbiyata... ce mata na yi ba na so!"

Ɗakin ajiyar gidansu ne ta mayar sitidiyon ɗaukar sauti saboda shi. Barguna ta rataya a bango don su shanye amsa-kuwwa, ta koyi aikin a waya har idonta ya yi ja. Makirufo biyu masu jin nesa ta rataya a saman gangunan, mai kauri ta cusa cikin babbar ganga, ɗan ƙaramin kuma ta ɗaure a bakin ƙaramar. Yayanta ya yi faɗa har ya gaji.

"Ɗakin kyauta yake so, ba ke ba!" in ji shi.

Ita kuwa ta toshe kunne.

Jiya ta fita ɗauko musu ruwa, ta manta na'ura na ɗauka. Yau da ta zauna tace sauti, sai ga muryar mawaƙiyar da suke aiki tare, tar a makirufon sama:

"Ka baro wannan ɗakin barguna. Sitidiyon babana na jiranka... ni ma haka."

Amsar da ya ba ta kuwa ba ta fito a na saman ba.

"Wallahi na ƙi, rabin raina! Fanka ce ta danne muryata."

"Na sama ba sa kama raɗa," ta ce a hankali. "Amma ka sunkuya kana ɗaure fatar ƙaramar ganga, ko? Bakinka na kusa da ƙaramin."

Murmushin ya ɓace.

"Ki bari mana... meye na tone-tone?"

Har zuciyarta addu'a take ya zama gaskiya ya faɗa. Tana sonsa, son da ya sa ta yi gaba da ɗan'uwanta. Ta buɗe layin sautin ƙaramin makirufon, ta ƙure lasifika.

Muryarsa ta fito ƙasa-ƙasa, har da 'yar dariya:

"Ki bari ta gama haɗa mana waƙar nan tukuna."

Ta tsayar da sautin.

"Ni za ka mayar 'yar aiki? Ni?!" Hawaye suka zubo, ta share da ƙarfi. "Kwashe gangunanka ka fice mini!"

Ya tsaya yana sosa ƙeya. Jira take ya ce ta yafe masa, ko da ƙarya ce.

"To... waƙar fa?"

Ta dube shi, ta dubi kwamfutar. Ta zaɓi layukan gangunan duka huɗu, ta goge.

"Sitidiyon babanta na jiranka."