Wanda Ya Ce Ta Yi Kuskure

Kafin ta gama jawabinta, ɗakin taron ya watse saura 'yan tsiraru. An sa ta ne dab da lokacin cin abinci, mutane kuwa sun fi jin ƙarar cokula a waje fiye da bayanin gishirin da ke kashe gonakin noman rani. Ba ta damu ba. Zuciyarta ta daɗe da zama kamar ƙafar da aka jima ana zaune a kanta, tana nan amma ba a jin ta.

Tana naɗe wayar kwamfutarta wani dogon saurayi ya tsaya a gabanta, jan biro ya ɓata masa aljihun riga da tawada.

"Sannu Dakta. Ni ne na ambaci maƙalarki."

Nan take ta gane, don mutum ɗaya ne tak. A jami'a akwai shafin intanet da ke ƙirga maƙalun da malami ya buga, da yawan masu binciken da suka ambaci aikinsa a cikin nasu, kuma da wannan makin ake ƙarin girma. Maƙalarta ta gishiri ta daɗe a kan sifili, sai kwanan baya ta koma ɗaya.

"Na gode," ta ce.

"Kin karanta abin da na rubuta kuwa?"

"A'a."

Ya sosa ƙeya. "Cewa na yi kin yi kuskure a lissafin."

"To ai ba komai. Na'urar ba ta tambaya ko yabo ne ko zagi, ɗaya dai ta ƙara min."

Ya tsaya yana kallonta. Ya shirya wa faɗa, ya shirya wa kuka, bai shirya wa wannan ba. Da ya nemi lambarta ta ba shi kamar mai karanto lambar ɗaki.

Washegari saƙonsa ya shigo: "Malamata, na tura miki alƙaluman da na samu a gonakinmu. Ki duba ki ƙaryata ni don Allah. Na fi son ki ji haushina a kan wannan shirun."

Ta duba. Gaskiyarsa ne, ta haɗa ma'auni iri biyu a wuri ɗaya, sai gishirin ya fito ƙasa da yadda yake. Ta rubuta masa: "Ka yi daidai, Mai Jan Biro." Daga ranar sunan ya bi shi.

Malami ne a wata ƙaramar jami'a, maƙalunsa ba su cika yatsun hannu ɗaya ba. Ya fara zuwa ɗakin gwajinsu da ledojin ƙasa, wai na'urarsu ta lalace. Sai ya zauna kan doguwar kujerar da ke kusa da tanderun busar da ƙasa yana ta surutu, ita tana awo tana cewa "uhm". Ranar da ya ce yana son ta, tana wanke kwalabe ne.

"Me ka gani a jikina? Ni fa ba na jin komai."

"Na karanta maƙalarki sau uku. Wadda ta zauna a rana tana tambayar manoma yaushe ganyensu ya fara ƙonewa ba za ta ce min ba ta jin komai ba. Gajiya ce kawai, Malamata."

Sai ta wanke kwalba ɗaya sau biyu.

Abbanta shi ne shugaban sashensu. Duk maƙalar da ta rubuta sunansa ne a farko, haka aka saba, ita ma ba ta taɓa tambayar dalili ba. Kullum da safe ita ke buɗe masa shafin ta karanto makinsa yana kurɓar shayi, Umma tana mita wai sun mayar mata da tebur ofis. A lokacin takardunsa na zama cikakken farfesa suna hannun masu tantancewa, maƙalar gishiri tana ciki.

Abba kuma yana da mijin da ya zaɓar mata, tsohon ɗalibinsa da ake wa laƙabi da Mai Dubu saboda ambatonsa ya haura dubu. Kowa ya san yadda aka yi, shi da abokansa suna da zaure a waya, ka ambace ni in ambace ka. Zancensa ma na maki ne. "Ƙanwata, in muka haɗu, shekara biyu ta ishe ki ki wuce sa'anninki." Ita sai ta ce, "To."

Mai Dubun ne ya kai wa Abba labari.

"Yaron da ya tozarta sunana a mujalla shi kike kawo min sashe?" Abba ya ajiye kofi da ƙarfi. "Wa ya san shi? Wa ke ambatonsa? Kada in sake ganin ƙafarsa."

"To, Abba."

Ba a yi nisa ba mujallar ta sanar da su cewa za ta binciki maƙalar, ko a gyara ko a janye ta. Mai Dubu ya ce ai ba sai an faɗa ba, saurayin nata ne ya kai ƙara don ya yi suna da sunan Abba. Ta yarda, don yardar ta fi sauƙi. Saƙonnin Mai Jan Biro suka riƙa shigowa tana kallonsu.

"Malamata, lafiya?"

"Ko zagina ne ki turo, zan karɓa."

"Na ci abinci, na san ba za ki tambaya ba shi ya sa na faɗa miki."

Tana zuwa aiki, tana koyarwa, tana dawowa. Abinci ya zama kamar takarda a bakinta. Umma ta taɓa goshinta ta ce ba zazzaɓi, amma yarinyar nan ba ta gidan.

Wata rana da azahar ta fito daga aji ta sami Mai Jan Biro a ƙofar laburare, ya rame. Tun da aka hana shi sashe, nan ne iyakarsa.

"Ba ni na kai ƙara ba. Editan ne ya ga maƙalata ya tuntuɓe ni. Na ce masa kuskuren gaskiya ne, ba ha'inci ba, a bar ki ki gyara da hannunki. Amma ba zan ce masa babu kuskure ba, ko da zan rasa ki. Akwai masu karanta alƙaluman nan su ce wa manomi gonarsa lafiya lau."

"Za ka iya rasa ni ɗin kuwa."

"Na sani," ya ce.

Ta koma ofis ta rubuta gyaran. Sai dai mujalla ba za ta karɓa ba sai da amincewar wanda sunansa ke farko. Ta sami Abba a falo, ta durƙusa ta miƙa masa maƙalar da gyaran.

"Abba, ka yi haƙuri. Ina roƙon ka karanta ta tukuna, sannan ka yanke hukunci."

Bai ce ya taɓa karantawa ba, bai ce bai taɓa ba. Ya sa tabarau. Da ya iso shafin lissafin sai yatsansa ya tsaya, ya daɗe a wurin. Ya amince aka tura, ya kuma sanar da masu tantancewa da kansa. Aka ɗage ƙarin girmansa zuwa wata shekarar. Mai Dubu ya daina zuwa gaisuwa.

Abba ya yi makonni ba ya amsa mata gaisuwa da fiye da "lafiya". Umma ce ta gaji.

"Malam, ranar da ka zo neman aurena maƙala nawa gare ka? Keke gare ka da bakin surutu. Da mahaifina ya ƙirga ka yadda kake ƙirga ɗan mutane, da yanzu kai kake dafa wa kanka shayin nan."

Abba ya sa aka kira Mai Jan Biro, wai zai ja masa kunne. Saurayin ya zauna a ƙasa, Abba ya jefa masa tambaya a kan ruwan ban-ruwa. Ya amsa. Abba ya ce ba haka ba ne. Ya ce, "Ranka ya daɗe, da girmanka, haka ne." Musu ya kaure, aka ɗauko littattafai, aka yi la'asar aka dawo aka ɗora. Daga kicin tana jin muryar Abba tana tashi. Umma ta ce rabon da ta ji shi yana gardamar ilimi haka tun 'yar tana goye.

Da zai tafi, Abba ya ce, "Har yanzu ban yarda da kai a kan magudanar ruwa ba. Ka turo manyanka."

Saƙo ya shigo mata kafin ya kai bakin titi: "Abar ƙaunata! Ya ce in turo. Ke kuma me kika ce?"

Ta rubuta: "Ka turo ɗin. Ka kuma sayi sabuwar riga."

Ranar ɗaurin aure ta zauna a cikin 'yan uwa ana ta dariya, tana murmushi inda ya kamata. Sai da za a tafi da ita aka kai ta gaban Abba. Ya dafa kanta.

"Na ɗora miki kayan da ba naki ba, kin ɗauka ba ki ce uffan ba. Ki je, Allah ya yi miki albarka. Allah ya ba ku zaman lafiya da zuriya mai jin ƙanku."

Umma ta ce amin. Wani abu ya tsinke a ƙirjinta, kuka ya zo mata da ƙarfin da ya ba ta tsoro, ta riƙe rigar Abba sai da gwaggonta ta ɓamɓare hannunta.

A mota angon ya rasa yadda zai yi, ya miƙo mata hankici.

"Ki yi haƙuri, amaryata. Ko in ce direba ya tsaya?"

Ta girgiza kai, ta kama hannunsa ta riƙe gam.

"Bar ni in yi," ta ce. "Daɗi nake ji."