Rigar da Ta Yi wa Muniratu Yawa

Muniratu na tsaye a tsakiyar ɗakin mahaifiyarta a unguwar Maamobi, sanye da rigar leshi ruwan toka. Kafaɗar rigar ta zamo mata har damtse. Ta kama yadin ta wajen ƙugu ta ja, ya cika mata hannu biyu.

"Anti Barikisu, tela ya yi mistek. Wannan ba awona ba ne."

Barikisu, yayar Abdul-Latif wanda zai auri Muniratu, tana zaune a bakin gado tana danna waya. Ita ta kawo ɗinkunan daga gidansu da ke unguwar Kanda. Ba ta ko ɗago kai ba ta ce, "Babu wani mistek. Mahaifiyarmu Hajiya ce ta sa aka ƙara inci huɗu a ƙugu da ƙirji. Ta ce kafin biki ki cika su."

Mma, mahaifiyar Muniratu, ta ajiye tiren waken da take tsincewa. "Ta cika su da mene? Haka Allah ya halicce ta. Ga ni nan, kin gan ni. Babanta ma ba dogo ba ne."

"Mma, ni 'yar aike ce. Tsawo dai babu yadda za a yi da shi, amma jiki ana yin sa. Dangin Hajiya za su taso tun daga Maradi, ba ta so a ce ɗanta ya ɗauko 'yar firamare."

Muniratu ta cire rigar ta ninke, ta ce ta gode. Bayan Barikisu ta tafi, ta zauna a bayan ƙofa ta yi kuka kaɗan, sannan ta wanke fuska ta fita taya Mma tsintar wake.

Shekarunta ashirin da huɗu, tana koyar da ƙananan yara 'yan nasare a wata makaranta a unguwar Kawukudi. Gajeriya ce siririya, har sabbin iyaye kan tambaye ta ina malamar ajin. Abin bai taɓa damunta ba. Abdul-Latif kuwa dogo ne, ɗan kasuwar doya. Yana zuwa arewa ya saro, ya sayar a kasuwar Old Fadama. A wurin da Mma ke sayar da wakye, wato shinkafa da wake, suka saba. Idan tana magana sai ya sunkuyo don ya ji, kuma bai taɓa nuna sunkuyon ya gajiyar da shi ba.

Mahaifiyarsa, Hajiya Saratu, ita ce ba ta gamsu ba. Mace ce doguwa mai jiki, haka duk 'ya'yanta. Ranar da aka fara kai mata Muniratu gaisuwa, ta dube ta daga sama har ƙasa ta ce, "Yarinya, kina cin abinci kuwa?" Ba ta hana auren ba, amma ba ta taɓa kiran sunanta ba.

Ana haka sabuwar doya ta shigo, Abdul-Latif ya yi arewa. Muniratu ba ta faɗa masa zancen ɗinki ba, don ba ta son ta haɗa shi da mahaifiyarsa. Sai ta duƙufa kan abinci. Da safe koko da ƙosai, da rana wakye da ƙwai biyu, da yamma tuwo zafi, ta kora da malt da madara. Duk mako takan hau sikelin wani kemis a bakin titi. Daga kilo arba'in da huɗu ta koma arba'in da biyar, ta tsaya nan.

Da Barikisu ta ji haka, sai ta zo da wata kwalba marar rubutu cike da ƙananan ƙwayoyi farare, da wani siraf, maganin ruwa mai zaƙi.

"Wurin wata mata na karɓo miki. Rabin amaren unguwar Nima shi suke sha. Biyu safe, biyu yamma."

"Ba shi da wata illa, Anti?"

"Illarsa ɗaya, yana sa ci da barci. Ba shi kike nema ba?"

Ta fara sha a ɓoye. Ba a daɗe ba jiki ya fara zuwa, sai dai ba inda take so ba. Fuskarta ta yi zagaye, ciki ya fito, wani tudu ya taso mata a bayan wuya, ƙafafu kuwa suna nan sirara. Ƙishirwa ba ta barinta. Idan ta bi yara da gudu a filin makaranta sai numfashinta ya sarƙe.

Mma ta lura. Wata safiya ta riƙe mata kumatu ta ce, "Wannan ba ƙiba ba ce, kumburi ne. Me kike sha?"

"Bitamin ne kawai, Mma."

"Ki bar shi."

Da ta so ta bari. Amma a makon nan Hajiya ta aiko a kira ta, ta sa ta gwada rigar leshin a gabanta. Rigar ta zauna. Hajiya ta yi murmushi, ta gyara mata ɗankwali da hannunta, ta ce, "Yanzu na ga amarya. Zo ki zauna kusa da ni, 'yata." Wannan kalma ta ƙarshe ita ta sa Muniratu ta ci gaba da shan ƙwayar.

Abdul-Latif yakan kira daga arewa. "Cale, ƙawata, kunna bidiyo mana, fuskarki nake so in gani."

"Netwok ba kyau," take cewa. Fuskar da ya sani ba ita ce a madubi ba.

Wata Litinin ana asambali, yara na waƙa, ta ga filin yana juyawa. Sai farkawa ta yi a gadon asibiti, Mma na zaune a gefenta riƙe da kwalbar nan, ta tsinto ta a jakarta.

Likitar mace ce mai magana a hankali. Ta sa aka auna tsawon Muniratu, santimita ɗari da arba'in da bakwai. Aka auna nauyi, kilo hamsin da takwas.

"Da nawa kike?"

"Arba'in da huɗu."

"To a tsawonki, arba'in da huɗun nan daidai ne, ba ki rame ba. Nauyin da ya dace da doguwar mace daban, naki daban. Kilon da za ta ɗauka ba ta ji ba, ke gwiwarki da zuciyarki za su ji shi. Kuma wannan ƙwayar ba ta ƙiba ba ce, magani ne mai ƙarfi da ake ba masu wata cuta a ƙarƙashin kulawa. Ya tayar miki da hawan jini, ya ɗaga sukari. Ba za ki daina shi lokaci guda ba, wannan ma haɗari ne. A hankali za mu rage."

Abdul-Latif ya biyo motar doya ya iso washegari da hantsi, da ƙurar hanya a jikinsa. Ya shigo ɗakin mata yana duba gadaje, ya dubi Muniratu, ya wuce. Sai da ya ga Mma ya dawo da baya. Muniratu ta ja mayafi ta rufe fuska.

Ya durƙusa a gefen gadon. "Muni, ni ne. Buɗe."

"Ba ka gane ni ba."

"Ban gane ba da farko, ba zan yi miki ƙarya ba. Yanzu na gane. Buɗe."

Ta buɗe, hawaye na bin kumatun da suka kumbura. Ya tambayi abin da ya faru. Mma ce ta jawo shi waje ta faɗa masa komai, tun daga ɗinki har kwalba.

Kafin a sallame ta, saƙo ya zo daga Kanda cewa Hajiya ta ce a dakatar da maganar aure. Ta ji yarinyar na da sukari da hawan jini, ɗanta ba zai fara zaman gida da jinya ba.

Bayan la'asar Abdul-Latif ya sami Hajiya a falo, Barikisu na gefe. Ya zauna a ƙasa, ya ajiye kwalbar a kan kafet.

"Hajiya, lafiyarta ƙalau na tafi na bar ta. Wannan ne ya kwantar da ita, kuma daga gidan nan ya fita."

Barikisu ta ce, "Ni taimako na yi. Wasu sun sha ba abin da ya same su—"

"Yi shiru," in ji Hajiya. Ta dubi ɗanta. "Ni ban ce a ba ta ƙwaya ba. Abinci na ce ta ci."

"Kin ce ta cika riga, Hajiya. Ita kuma so take ki so ta." Ya ɗago ya dube ta. "Ba zan yi aure babu albarkarki ba. Amma ba zan nemi wata ba. Idan jira ne, zan jira."

Hajiya ta dubi kwalbar. Da ta buɗe baki, muryarta ta sauka.

"Kuna ganin don gori ne. Ina da ƙanwa, ba ku san ta ba, Ruhaina. Haka take, 'yar ƙarama kamar wannan yarinya. A ƙauyenmu naƙudar fari ta zo mata, ɗan ya ƙi fitowa. A cinyata ta cika. Tsofaffi suka ce ba ta da jikin haihuwa. Ranar da ka kawo mini Muniratu, ita na gani a tsaye."

Abdul-Latif bai taɓa jin wannan labari ba. Ya sunkuyar da kai ya yi wa marigayiyar addu'a. Sannan ya ce, "Alfarma ɗaya nake roƙo. Ranar da za ta koma ganin likita, ki bi mu, ki yi wannan tambayar da bakinki."

Ta bi su. A ofishin likita ta zauna da carbinta, ta yi tambayar ba tare da kwana-kwana ba: mace gajeriya marar jiki, za ta iya haihuwa?

Likita ta ce, "Hajiya, kitse ba ya buɗa ƙashi. Ko ta ninka nauyinta, ƙugunta na ciki yana nan yadda yake, sai ma nauyin ya ƙara mata wahala. Gajerun mata da yawa suna haihuwa lafiya. Abin da ke kare su shi ne awon ciki da wuri da haihuwa a asibiti, idan an ga ɗan ba zai wuce ba a yi aiki a fito da shi. Ƙanwarki ba jiki ta rasa ba, asibiti ta rasa."

Suka fito suka shiga tasi. Da suka iso mahaɗar Kawukudi, direba zai juya Kanda, ta ce ya yi Maamobi. Ta shiga lungun su Muniratu da ƙafarta, tana tattare zani saboda ruwan kwata, ta sami Mma a bakin murhu. A gaban matan gidan haya ta ce, "Na zo neman gafara. Na karɓi 'yarki lafiyayya, na mayar miki da ita a kwance."

Mma ta ci gaba da juya tukunya na ɗan lokaci, sannan ta tura mata kujera. "Zauna, Hajiya. Allah ya yafe mana duka."

Warkewar ba ta zo da sauri ba. An ɗaga biki zuwa bayan babbar sallah. Yayin da ake rage maganin, jikin Muniratu ya riƙa ciwo, wani lokaci ko tashi ba ta iyawa. Ga kuma surutun unguwa: an ga ciki ya fito, an ga an ɗaga biki, sai aka fara cewa juna biyu gare ta. Idan ta wuce mata su yi shiru, ta ba da baya su ci gaba. Ba ta tanka wa kowa ba. Takan shiga ɗaki ta yi kukanta, Abdul-Latif ya kira ya yi ta ba ta labarin rigimar 'yan dako har ta yi dariya.

Likita ta ce ta riƙa tafiyar ƙafa kullum da safe. Da zancen unguwa ya kai kunnen Hajiya, sai ta ce ita za ta riƙa raka ta. Bayan gari ya waye Hajiya takan sauka daga trotro, motar haya, a bakin lungu, su kama hanya tare, doguwar tsohuwa da 'yar ƙaramar budurwa, su zagaya filin Kawukudi su dawo ta cikin kasuwa. Duk wanda ya gaishe su, Hajiya kan ce, "Surukata ce, Muniratu. Magani ne ya ɓata mata jiki, kuma laifina ne." Ba a jima ba surutun ya mutu.

Barikisu ta yi makonni tana kauce wa gidan. Daga baya ta zo da kankana, ta zauna tana kame-kame. Muniratu ta ce mata ya wuce, amma ta roƙe ta abu ɗaya: ta je ta gaya wa ƙawayenta masu shan ƙwayar abin da likita ta ce. Ta yi alkawari, ta kuma cika.

A hankali fuska ta saɓe, sukari ya sauka, hawan jini ya daidaita. Zanen da fata ta yi a cikinta bai ɓace ba, kuma likita ta ce ta riƙa zuwa awon jini lokaci zuwa lokaci. An ɗaura aure a Nima bayan sallah. Da dangin Maradi suka iso, wata gwaggo ta leƙa fuskar amarya ta ce, "Ashe 'yar ƙarama ce." Hajiya ta ce, "Ƙarama ce, kuma ta fi ni haƙuri. Ki gaishe ta da kyau."

Bayan shekara biyu Muniratu ta haifi ɗa namiji a asibiti. Aiki aka yi mata, kamar yadda likitoci suka tsara tun wajen awo, Hajiya ce kuma ta fara cewa a yi. Aka sa wa yaron suna Nasrullahi.

Kowane jiki da ma'aunin da Allah ya yi masa, kuma ba a gwada gajere da awon dogo. Iyaye su kula da abin da suke furtawa a kan halittar 'ya'yan mutane, domin kalma ɗaya tana iya kai yarinya gadon asibiti. 'Yan mata kuma su sani haƙuri da dangin miji abu ne mai kyau, yana da lada, amma bai haɗa da cutar da kai a ɓoye ba. Wanda yake son ki da gaskiya, lafiyarki yake so ki kawo masa gida.