Kututturan Gonar Malam Garba

Zahara'u na tankaɗe a tsakar gida sai ga yayanta Tanko ya shigo da fara'a, an biyo shi da sabuwar katifa da kwanuka.

"Amarya, ga kayan ɗakinki! Faruk zai san ƙanwata ya aura."

Ta dubi katifar, ta dube shi. Tun rasuwar mahaifinsu Malam Garba ba a raba gado ba, komai yana hannun Tanko.

"Yaya, da mi ka saya?"

"Gawo na sa aka sare a gonar hanyar Safo. Itace fa, ba ƙasa ba!"

Sai hawaye. Bishiyoyin nan Baba ya rena su tun suna toho. 'Ya'yansu tumaki ke ci da rani, tumakin kuwa su ke riƙe da karatun ƙannenta, su Hasana, a lakol.

"Yaya, da haƙƙin su Hasana a ciki. Ba ni kwana bisa katifar nan."

Da yamma Faruk ya zo gaisuwa da amalankensa. Tanko ya tare shi a zaure.

"Gobe ka kwashe min itacen zuwa Maraɗi, ka zo da gatari mu gama saura."

"Yaya Tanko, ka aike ni har garin Ɗan Issa da ƙafa, in tafi. Amma dukiyar marayu, jakina ba ya jan ta."

"To, babu aure!"

Zahara'u ta ji daga bayan danga. Ta yi kukanta, ta goge ido, ta roƙi Inna ta kai magana wurin liman. Mata suka yi ta cewa ta kai wanta ƙara saboda saurayi. Biki ya tsaya har kaka ta wuce, Faruk bai nemi wata ba.

Ranar rabon gado Tanko ya nace sai an ba ta gefen da aka sare. Ta ce ta karɓa. Daga baya aka ɗaura aure, aka kai ta ɗaki da tabarma da tukwane.

"Gimbiya," in ji Faruk yana dariya ranar da suka je gonar, "kututture ne dukiyarmu?"

"Duƙa ka duba da kyau."

Ga toho kore a gindin kowanne! Suka riƙa rage rassan suna barin masu ƙarfi, yadda Baba ke yi. Tanko kuwa ya ƙarasa sare nasa, iska ta dinga binne masa shuka da rairayi.

Shekaru suka ja. Wani rani Tanko ya iske su a inuwar gawo, kansa a ƙasa.

"Zahara'u, tumakina ba su da abinci."

Faruk ya cika masa buhu da 'ya'yan gawo. Ita kuma ta miƙa masa wuƙar da Baba ke rage rassa da ita.

"Yaya, naka kututturan ma da ransu. Gobe mu je tare."

Abin da mamaci ya bari amana ce har a raba. Wanda ya yi haƙuri ya tsare haƙƙin maraya, Allah ba ya barin sa a rana.