Gwangwanin Ya Fanne

Abin ya fara ne ranar Asabar, tara ga watan Satumba na shekarar 2023, da ƙarfe huɗu da minti ashirin na yamma, a gidan Malam Usaini da ke Katuzu, kusa da Gashuwa. Nuraini na zaune a tsakar gida tana tsince shinkafa, mahaifiyarta Ya Fanne na tsara abincin da za a dafa Asabar mai zuwa, ranar da manyan Uwais za su zo daga Nguru neman aurenta.

"Su shida ne fa, Inna," in ji Nuraini.

"Mutanen Nguru in sun ce shida, dafa na sha biyu. Ni na san su. Direba ma sai ya taho da ƙanensa."

Suna cikin dariya Malam Usaini ya shigo da ƙasar gona a ƙafarsa. Ya yi sallama ciki-ciki, ya ajiye zangarniyar gero biyu a kan tabarma. Ɗaya tsohuwa ce daga rumbu, doguwa, mai gashi. Ɗayar ɗanya ce, gajeriya, ba gashi ko ɗaya.

"Ke mai ilimin noma," ya ce da 'yarsa, "gaya mini, waɗannan uwa da 'ya ne?"

Nuraini ta duba, tiren shinkafar ya kusa suɓuce mata. Ta gane abin da ya faru tun kafin ya sake magana.

Geron nan suna kiransa Ɗan Kaka. Kakan Malam Usaini ne ya fara zaɓensa, kowace kaka ana ware zangarniyoyi mafi tsawo a rataye don iri, kuma ba a taɓa sayar da ko mudu ɗaya ba. Tsawonsa kamu ɗaya da rabi, ƙwayarsa fara, gashinsa kuma kan hana tsuntsu sauka. Shekara tamanin ko fiye yana gidan.

Nuraini da Uwais kuwa a wuri ɗaya suke aiki, wata ƙaramar cibiyar inganta noma da ke bayan tashar jirgin ƙasa a Nguru, wadda manoma ke kira Ofishin Iri. Shugabarsu, Hajiya Saratu, ta yi shekara ashirin tana koyar da kimiyya a makarantar 'yan mata kafin ta kafa wurin. Direbansu Babayo ya taso ne yana kiwon shanun mahaifinsa, har yau in mota ta ƙi tashi da Fillanci yake lallashinta. Mai kula da siton iri shi ne Baba Modu, tsohon malamin auna kaya a reluwe, mutumin da ko allura aka ba shi sai ya rubuta ranar da sa'ar. Uwais ɗan tela ne, a jami'a ya fara riƙe fartanya. Nuraini ce kaɗai 'yar manomi a cikinsu, ita ce ke yawo ƙauyuka tana magana da mata.

A daminar 2022 ofishin ya yi gonar gwaji ta sabon gero mai saurin nuna, dab da gonar Malam Usaini. Shi gero iska ce ke ɗaukar ƙurar furensa daga gona zuwa gona. Uwais ya san haka, don haka ya tsara a yi shuka da wuri, nasa ya gama fure kafin Ɗan Kaka ya fara. Sai iri ya makara a hanya mako uku. Uwais ya shuka duk da haka, bai sake duba lissafin ba. Gonakin biyu suka yi fure a mako ɗaya. A shekarar ba a ga komai ba. Sai bana, da aka shuka irin da aka ware, ɓarnar ta fito.

"Rabin gonar haka yake," in ji Malam Usaini. "Sauran rabin ma ya riga ya gauraya. Ki aika wa yaron nan kada kowa ya zo Asabar."

"Baba, don Allah..."

"Wanda bai iya tsare mini iri ba, ba zan ba shi 'ya ba."

Ya shige ɗaki. Nuraini ta kifa kai a cinyar Ya Fanne tana kuka, shinkafa ta watse, kaji suka samu na yamma.

Ranar Litinin a ofis ba wanda ya taɓa shayin da Babayo ya dafa. Uwais ya buɗe littafin aikinsa na bara, ya ga ranar shuka da rubutun hannunsa, ya rufe.

"Kai ma da tsoro," in ji Babayo. "Iska ce ta yi laifi. A kai iska kotu mana."

Nuraini ta share ido. "Uwais, akwai wani dogon gero a kasuwar Gashuwa mai kama da shi sosai. In muka sayo muka ce a sito muka samo..."

"Har tsawon wane lokaci, Nuraini? Damina ɗaya zai gane. Sannan ki zama matar wanda ya ɓata masa iri, ya kuma yi masa ƙarya."

"To shi ke nan, ka yi saranda ke nan?"

"A'a. Zan je in gaya masa ni ne."

Ya je kuwa, a ranar Laraba. Ya cire takalmi tun daga bakin zaure, ya durƙusa.

"Baba, ba iska ba ce, ba ofis ba ne. Ni ne ban sake lissafi ba."

Malam Usaini ya dube shi. "Na ji. Gaskiyar taka za ta yi tsiro in an shuka ta?"

"A'a, Baba."

"To tashi ka tafi. Ranar da ka ajiye mini Ɗan Kaka a tabarmar nan, mu yi magana."

Kowa a Katuzu ya san cewa ƙi ne aka yi cikin ladabi, domin babu Ɗan Kaka a wani gida.

Da Uwais ya koma ya ba da labari, Baba Modu ya tashi ya shiga sito, ya jima ana jin motsin firji, ya fito da gwangwanin madara da aka liƙe bakinsa da kakin kyandir. Ya sa tabarau ya karanta takardar da ke jiki.

"Katuzu. Gero, Ɗan Kaka. Sha huɗu ga Nuwamba, 2021, ƙarfe goma sha ɗaya da rabi. Daga hannun Malama Fanne."

"Inna?" in ji Nuraini. "Ai Baba korar ku ya yi ranar. Ya ce irinsa ba zai kwana a firjin bature ba."

"Ya kore mu ta ƙofar gaba," in ji Baba Modu. "Ita ta miƙo ta katanga. Ta ce kada in gaya wa kowa. Ban gaya ba, na dai rubuta."

Hajiya Saratu ta juya gwangwanin a hannunta. "An ɗebe shi kafin gonar gwaji, don haka tsarkakakke ne. Amma in ka kai masa haka, ƙwayoyi kawai zai gani, ba zai yarda ba. In kuma aka shuka da damina, geron maƙwabta zai sake shiga. Sai dai da rani, lokacin da babu wani gero mai fure a ƙasar nan."

"Da rani?" in ji Babayo. "Wa ya taɓa ganin geron rani?"

"Za ka gani," in ji Uwais.

Nuraini ta samo musu wata 'yar fadama a Dagona, ta wata ƙawar mahaifiyarta. Suka jira sanyi ya wuce. Wata biyar ke nan, kuma a cikinsu Uwais bai taka Katuzu ba, Nuraini ma ta daina hawa motar ofis in yana ciki, don kada a kai wa mahaifinta magana. Sai dai a ofis su gaisa kamar baƙi, Babayo na tsokanarsu cewa ko shanunsa sun fi su iya hira. Mutum biyu suka aiko neman Nuraini a lokacin. Duk sanda mahaifinta ya tambaye ta, sai ta sunkuyar da kai ta ce, "Baba, ina jira." Bai taɓa tambayarta me take jira ba, bai kuma matsa mata ba.

Ranar Litinin, sha biyu ga Fabrairu, 2024, aka shuka. Baba Modu ya hana a juye gwangwanin duka, ya ce a bar kashi ɗaya cikin uku, saboda a reluwe ma ba a sa duk kaya a tarago ɗaya. Cikin rami ɗari huɗu, ɗari uku da goma sha ɗaya suka tsiro.

Abin da babu wanda ya lissafa shi ne tsuntsaye. Dagona gari ne na tsuntsu, kuma wannan ce gonar gero ɗaya tak daga nan har Nguru. Da zangarniya ta fara ƙwaya, tsuntsayen jan-baki suka zo kamar an buga musu waya. Gashin Ɗan Kaka kan kori tsuntsu goma, amma ba dubu ba. Azumi ya riga ya kama, rana kamar wuta. Uwais ya kafa rumfa a bakin gona, ya ɗaura gwangwanaye a igiya, yana ja yana ihu tun hantsi har la'asar, har murya ta dushe.

Nan kowa ya kawo abin da ya iya. Babayo ya je ruga ya yi magana da makiyaya cikin harshensu, suka canza wa shanu hanyar ruwa. Hajiya Saratu ta tattaro tsofaffin gidajen sauro daga tsofaffin ɗalibanta. Uwais kuwa, wanda ya daɗe yana jin kunyar a ce masa ɗan tela, ya aro keken mahaifinsa, ya ɗinka wa kowace zangarniya riga.

"Masha Allah," in ji Babayo da ya gani. "Gero ya samu kayan Sallah, ni ban samu ba."

Nuraini ba ta zuwa gonar, amma kowace yamma sai kwanon kunu ya iso da direba. Wata rana Uwais ya tarar da 'yar takarda a ƙarƙashin murfi: "An ce ka yi baƙi ƙirin. Ba komai, ba don fari na zaɓe ka ba. Ka rage ruwa, gero ba shinkafa ba ce." Ya rage.

Ranar Asabar, ashirin da biyar ga Mayu, bayan la'asar, motar ofis ta tsaya a ƙofar gidan Malam Usaini. Uwais ya shiga da dami a kafaɗa, ya sauke a kan tabarma, ya durƙusa.

Dattijon ya zaro zangarniya ɗaya. Ya gwada ta da hannunsa daga gwiwa zuwa yatsa, ta wuce da rabi. Ya shafa gashin. Ya murje ƙwaya ya tauna, ya sake taunawa.

"Ina ka samo shi?"

Uwais ya sunkuyar da kai. Ya yi alkawari a ransa ba zai yi ƙarya ba, kuma ba zai tona asirin surukarsa ba.

"Tambayarka nake yi, yaro."

Labulen ɗaki ya motsa. "Malam, ni na ba su," in ji Ya Fanne. "Gwangwani ɗaya, ta katanga, ranar da ka kore su. Shi kuma ya noma shi da rani a Dagona."

"Ke Fanne? Irina?"

"Naka? Shekara talatin wa ke sussuka shi, wa ke rataye shi, wa ke korar ɓera? Na ga rumbu ɗaya ne, wuta ɗaya ta ishe shi. In ka ga dama ka yi faɗa, amma ka gama tauna abin bakinka tukuna."

Babayo ya juya baya yana tari. Malam Usaini ya dubi matarsa, ya dubi geron, sannan ya dubi saurayin da rana ta ƙone. Ya goge ido da bakin riga, ya ce ƙaiƙayi ne.

"Kwana nawa ka yi a Dagona?"

"Ɗari da uku," in ji Baba Modu daga bakin zaure.

"To. Ka ce wa manyanka su zo Asabar. Kai kuma mai rubutu, ɗebi gwangwani biyu ka sa a firjin naka."

"Su nawa za su zo?" in ji Ya Fanne.

"Su shida, Inna," in ji Nuraini daga bayan labule, tana kuka tana dariya.

"To dafa na sha biyu."

An ɗaura aure ranar Asabar, biyu ga Nuwamba, bayan an girbe Ɗan Kaka a gonarsa ta asali, kuma da shi aka dama furar biki. Ya kamata matasa su lura: da Uwais ya sayo geron kasuwa, da ya huta wata guda ya yi asarar rayuwa. Ya amsa laifinsa, ya zauna a rana ya gyara abin da ya ɓata, ita kuma ta jira ba tare da ta saɓa wa mahaifinta ba. Haƙuri irin wannan ba zaman banza ba ne, aiki ne, kuma Allah ba ya barinsa ya tafi haka.

Ga waɗanda suka rage bayan haka. Hajiya Saratu tana nan a ofis, ta sa dokar mutum biyu su duba kowace ranar shuka. Babayo yana nan, motar ma tana nan, har yanzu Fillanci take ji. Uwais da Nuraini suna zaune a Nguru, keken ɗinkin yana ɗakinsu. Malam Usaini da Ya Fanne suna Katuzu, ba su gama gardamar mai irin ba. Baba Modu ya rasu ranar Talata, sha huɗu ga Janairu, 2025, da ƙarfe tara na safe, Allah ya jiƙansa. Gwangwanaye biyun suna cikin firji, da takarda a jikinsu, da rubutun hannunsa.