Ba a Ci a Gaban Goggo

Rigimar ta soma ne da safiyar Litinin, Mas'udu na ɗaure igiyar takalmi, Hamida na tsaye a bakin gado riƙe da ɗan kwalin na'urar auna sukari da yayanta Lawwali ya aiko mata daga Kaduna. Kwana goma sha tara ke nan da kawo ta Sabuwa daga Kankara, lallen ƙafarta ma bai gama fita ba.

"Ka tsaya ka liƙa mini kafin ka tafi... a bayan damtse ake sa ta, ba na gani."

"Masu mota ba sa jira, Hamidata. In na rasa ta farko sai azahar."

"To Goggo fa? Yaushe za ka faɗa mata?"

Nan hannunsa ya tsaya a kan igiyar. Ya ɗago ya yi mata irin kallon nan da ya saba kashe mata baki da shi, ya ce ta ƙara haƙuri, zuciyarsa, ta bari Goggo ta saba da ita tukuna. Hamida ta ce tun kafin biki yake faɗin haka. Ya ce ya sani. Ta ce ita ba laifi ta yi ba da za a yi ta ɓoyon ta kamar kayan sata. Sai ya shafa kanta, ya ɗauki jaka ya fita.

Tun tana 'yar shekara goma sha huɗu ciwon sukari ya kama ta, irin wanda sai an yi allura kafin kowane cin abinci. Mas'udu ya sani tun zuwansa zance na biyu, kuma ya rantse ko a jikinsa. Gaskiya ya faɗa, yana son ta. Allah ya yi shi da daɗin baki da taushin zuciya, sai dai in aka zo batun mahaifiyarsa Goggo, ƙarfin halin ne ke gudu ya bar shi. Shi kaɗai ne ɗanta, uban ya rasu da daɗewa, kuma ya taɓa jin ta ce mace mai ciwo ba ta riƙe gida. Wannan maganar guda ɗaya ya riƙe ya ɗaure bakinsa da ita, ya ɗaure na amaryarsa.

Malamin gona ne a Mairuwa, can ƙasar Faskari, ba ya dawowa sai Alhamis, ita ma sai in ya taso da wuri, don ba a bin hanyar bayan la'asar saboda rashin tsaro. Gidan ya rage daga Goggo sai Hamida, ɗaki na kallon ɗaki, da tsakar gida mai faɗi a tsakaninsu.

Da ƙarar ƙofar zaure ta mutu, ta zauna ta buɗe kwalin. Na'urar ba ta fi murfin kwalba ba, fara, da wani siririn gashi a ƙarƙashinta wanda zai shiga fata. Yaya Lawwali ya yi mata bayani ta waya har sau uku: za ta zauna a jikinta sati biyu, tana auna sukarin dare da rana tana aikawa wayarta, ta huta da huda yatsu. In ya yi ƙasa ko ya hau da yawa wayar za ta yi kuka. Jiya Mas'udu ya haɗa tasa wayar da tata, yadda duk abin da ta gani shi ma zai gani in akwai sabis.

Ta jingina madubi da kwalla, ta goge bayan damtsenta na hagu, ta jira ya bushe. Sau biyu tana kai abin tana janyewa. A na uku ta yi bisimilla ta danna. Wani ɗan ƙas ta ji, shi ke nan, ko zafin ƙaya bai kai ba.

Awa guda ta jira kamar yadda aka ce, tana zaune ta zuba wa wayar ido. Sai ga lamba ta fito, ɗari da arba'in da biyu, da 'yar kibiya a kwance a gefenta. Hamida ta yi dariya ta miƙe da wayar a hannu, har ta kai bakin labule kafin ta tuna babu wanda za ta nuna wa. A gidansu da tuni Inna ta rangaɗa guɗa, ƙannenta sun yi layi kowa na son ya taɓa. Ta koma ta zauna, ta ja hannun rigarta ta rufe abin, ta yi kukanta a hankali don kada a ji.

Daga ranar wayar ta zama abokiyar hirarta. Ta ga yadda tuwon masara ke ɗaga kibiyar a hankali, shinkafa kuwa ta cilla ta sama. Ta ga shara da wanki na saukar da ita. Ta koyi yin wanka ba tare da ta cuɗa wurin ba, ta koyi kwanciya ta dama, da gumi ya fara ɗaga gefen ta ƙara masa filasta. Wani lokaci har magana take yi wa lambar, ta ce mata sannu, yau kin kyauta. Abin dariya ne, amma a duk faɗin Sabuwa wannan ɗan farin abu ne kaɗai ya san gaskiyar jikinta, kuma hakan na yi mata ciwo.

Goggo ba muguwa ba ce, wannan ne ma ya ƙara tsananta abin. Ta lura amaryar ba ta da jiki, sai ta ɗauki aniyar ciyar da ita. Kullum da hantsi za ta dama kunun gyaɗa, ta zuba sukari har sai ludayi ya yi nauyi, ta ajiye a bakin ƙofar Hamida ta yi gyaran murya ta wuce. Ranar farko Hamida ta sha rabi don kara, kibiyar ta miƙe tsaye, ta wuni da ƙishi da ciwon kai. Daga nan sai ta riƙa zagawa bayan ɗaki tana juye wa awaki, ta wanke kwanon ta mayar da godiya. Duk juyewar da za ta yi sai ta ji kamar ta zagi tsohuwar.

Alhamis ta zo, Mas'udu ya dawo da tsarabar rake daga Sheme, wanda ita ba za ta sha ba. Ya yaba na'urar, ya ce a gona ma yana duba ta, in ya ga lambarta sai ya ji kamar tana kusa. Ta ji daɗin maganar, ba za ta yi ƙarya ba. Amma Litinin ta sake zagayowa ya sake ɗaure takalminsa bai ce wa Goggo komai ba.

Ran Laraba bayan azahar Hamida ta zuba shinkafa da wake a faranti, ta ɗauko allurarta daga cikin 'yar tukunyar ƙasa da take sanyaya ta, ta yi a cinya daidai abin da za ta ci. Ta kai hannu ga cokali ke nan ta ji sallama. Goggo ce, wadda tun da aka kawo amarya ba ta taɓa taka ɗakin ba.

Hamida ta yi maza ta kife farantin da murfi ta tura gefe, ta shimfiɗa wa Goggo darduma, ita ta durƙusa a ƙasa ta ja mayafi. Haka aka rene ta. Suruka ba ta tauna a gaban uwar miji, ko ruwa ne sai ta kauda kai, Inna ta nanata mata wannan har a daren kai ta.

Goggo ba ta yi sauri ba. Ta tambayi mutanen Kankara, ta yi zancen damina, sannan ta gyara zama ta ce jiya ta zaga ɗebo itace ta ga kununta a kaskon awaki. Ba da faɗa ta faɗa ba, muryarta ma rawa take. Ta ce ta san su 'yan boko cimarsu daban, in hannunta ake ƙyama a faɗa mata ta daina wahal da kanta. Ta ce ita ba ta haifi mace ba, da aka ce an kawo mata ɗiya har azumin godiya ta yi, ashe ɗiyar ko ɗakinta ba za ta leƙo ba sai gaisuwar safe.

Hamida na ji, hawaye na ɗiga a kan mayafinta, allurar kuwa na can tana aikinta a cikin da babu komai. Da farko yunwa ce ta murɗe ta. Sai gumi mai sanyi ya tsatso mata a goshi, yatsunta suka fara kaɗawa. Akwai alewa a jakarta, amma jakar na rataye a bayan Goggo. Ko da a hannunta take ma, wace irin 'ya ce za ta jefa alewa a baki uwar mijinta na kawo mata kuka?

Wayar ta yi kuka a kan gado. Ta miƙa hannu ta kashe, idonta ya faɗa kan lambar, sittin da takwas, kibiyar ta dubi ƙasa.

"Yi haƙuri, Goggo..."

"A'a, duba abinki. Ai ita ta fi ni bakin magana."

Ta cusa wayar ƙarƙashin matashi. Goggo ta ci gaba, amma maganar ta koma zuwa wa Hamida daga nesa, kamar daga gidan maƙwabta. Ɗakin ya soma yi mata dishi-dishi. Wayar ta sake kuka, sannan ta ɗauki wani kiɗan daban, wanda ta sa wa Mas'udu shi kaɗai. Ta san ya gani. Ta kuma san ba za ta ɗaga kiran miji a gaban wadda ta haife shi ba. Ya katse, ya sake kira, ya sake katsewa. A ranta ta ce bari dai Goggo ta gama, saura kaɗan.

Sai 'yar wayar Goggo ta ɗauki ƙara daga bakin zanenta. Ta kwance ta da ƙyar ta kara a kunne, muryar Mas'udu ta cika ɗakin, yana haki kamar wanda ya yi gudu.

"Goggo, kina gida? Ki duba Hamida, don Allah ki ba ta sukari yanzu-yanzu!"

"Sukarin mi? Ga ta nan gabana."

"Ciwon sukari gare ta, Goggo... tun kafin aure. Ya faɗi ƙasa, in ba ta sha ba za ta suma. Ni na ɓoye maki, ni na hana ta faɗa... ki jiƙa a ruwa ki ba ta, ki yi mani faɗan daga baya."

Goggo ta dubi yarinyar, a karon farko ta dube ta da kyau. Ta ga mayafin ya jiƙe, ta ga leɓen na rawa, ta ga farantin da aka kife. Ba ta ko kashe wayar ba ta yar da ita a darduma. Tsohuwar da ke dafa bango kafin ta miƙe, sai ga ta ta ƙetare tsakar gida ta dawo da gwangwanin sukari da moɗa. Ta tallafo kan Hamida a ƙirjinta tana ɗura mata kaɗan-kaɗan, tana salati, tana cewa haɗiye, ɗiyata, haɗiye.

An ɗauki kamar minti goma sha biyar kafin rawar ta lafa, ɗakin ya dawo daidai a idon Hamida. Mayafinta ya zame, hannun rigar ya tattare, farin abin ya fito fili. Goggo ta kai yatsa ta shafa gefensa a hankali.

"Wannan ne ya kira shi tun daga Mairuwa?"

Hamida ta gyaɗa kai. Da murya ƙasa-ƙasa ta faɗa mata komai, allurar da ta yi, da abincin da ya kamata ya bi bayanta nan take, da dalilin kunun awaki. Tana faɗa tana jiran a ce ta haɗa kayanta.

 Goggo ta share ido da gefen zane.

"Abin roba ya ji ki daga wata ƙasa, ni ina zaune gabanki ban gani ba. Da kin mutu don kunyata, mi zan ce ma uwarki?" Ta ja numfashi. "Wancan kuwa bari shi zo, zai same ni. Ke ba ki yi mani komai ba."

Ta jawo farantin da kanta, ta buɗe, ta sa cokali a hannun Hamida ta ce ta ci. Hamida ta riƙe cokalin, ta sunkuyar da kai. Ta so ta ci, wallahi ta so, amma hannun ya ƙi ɗaguwa.

Goggo ta kalle ta, ta kalli ƙofa kamar za ta fita, sai ta fasa. Ta dafa ƙasa ta juya a kan dardumar, ta ba ta baya, ta fuskanci labule.

"To ga shi, ba ni ganin ki. Amma ba inda za ni."

Hamida ta ɗebi shinkafar da ta riga ta huce ta kai baki, hawaye na bin kumatunta suna shiga cokalin. Ta yi loma uku tana lallaɓawa don kada a ji motsinta.

"Kina ci kuwa?" in ji Goggo, ba ta waiwayo ba. "Ki bar cokalin shi taɓa faranti, ɗiyata, in riƙa ji."